Rediyo ta ce ruwa, gona ta ce ba ta gani ba

Ƴan uwa manoma, akwai wata raha da ke yawo a kasuwanninmu. Ana cewa in rediyo ta ce gobe za a yi ruwa, uwar gida ta shanya hatsinta ba fargaba. In kuwa ta ce gobe rana ce, a fito da tuluna. Mu ma mun yi dariya, don kowa ya taɓa ganin an ce ruwa a Maraɗi, Tibiri ta jiƙa sharkaf, Maraɗi ta kwana da ƙura.

Amma a yi adalci. Ma'aikatan meteyo ba ƙarya suke yi ba. Hadarin ƙasarmu yakan taso daga gabas, ya zuba a nan, ya tsallake can. Wani lokaci gonar maƙwabci ta sha, taka ko ɗigo. Mutumin da ke zaune a Yamai yana iya ganin hadari cikin hoton tauraron ɗan Adam, amma ba ya iya faɗin gonar da zai zaɓa. In ya ce "ana sa ran ruwa a jihar Tawa", jihar duka yake nufi, kuma sa rai ba alkawari ba ne.

Ai ko alamun kakanninmu sukan kuskure. Shamuwa takan iso, gawo ya kaɗe ganyensa, a share kwana ashirin sama ba ta ce komi ba. Ba mu taɓa jin wanda ya kira shamuwa maƙaryaciya ba.

Abin da ke damunmu shi ne mai dariyar da ya toshe kunnensa gaba ɗaya. A shekarar 2024, tun kafin damana, masana na cibiyar AGRHYMET ta Yamai sun yi gargaɗin ruwa mai yawa da ambaliya. Haka aka yi. Gidaje sun rushe a Maraɗi da Tawa, har tsohon masallacin Damagaram ya faɗi cikin watan Satumba.

Batun shipka kuwa, rediyo ba ta isa ita kaɗai ba. Yayyafin farko yakan ruɗi mutum: iri ya tsiro, ruwa ya ɗauke, rana ta ƙone shi. Masana noma suna cewa a jira ruwan da ya kai milimita 20, a rana ɗaya ko cikin kwana uku a jere. In akwai ma'aunin ruwa a garinku, wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci ya karanta lambar, ya rubuta ta cikin littafi. In babu, a tona ƙasa a ga ko laima ta nutsa sosai. Kuma kada a zuba iri duka a shipkar farko. A ɓoye rabi cikin rumbu, don ranar da za a sake shipka, iri yana tsada a kasuwa.