A Hana Ɗan Kutse Kulle Ƙofarsa?

Da aka saki Kevin Mitnick, shahararren ɗan kutsen kwamfutar nan na Amurka, a shekarar 2000, kotu ta gindaya masa sharaɗi: shekara 3 ba kwamfuta ba intanet, sai da izini. Hatta bayanansa da ya kulle da mabuɗin sirri, gwamnati ta ƙi mayar masa sai ya miƙa mabuɗin.

A wancan zamani mutum na iya rayuwa a haka. Yau fa? Tun 2016 duk saƙon WhatsApp a kulle yake tafiya. Dillalin da ake turo wa kuɗin bijimi ta waya a kasuwar Wudil ran Juma'a, da ɗalibin da ke rajista a Jami'ar Aliko Dangote, duk da kullen nan suke aiki, ko sun sani ko ba su sani ba.

Saboda haka in alƙalanmu za su hukunta ɗan kutse bisa Dokar Laifukan Intanet ta 2015, su ɗaure shi, su ci shi tara, su sa a riƙa duba na'urarsa. Amma wanda ya gama zaman kaso aka ce kada ya taɓa kulle, an raba shi da albashi da ciniki ke nan, an kuma bar asusunsa a buɗe ga tsofaffin abokan sana'arsa.