Daga Apapa zuwa Lome: Me ya sa jiragen ruwa ke sauya sheƙa?

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan mutumin Kurfi da teku? Amsar tana bakin madatsar ruwa ta Zobe da ke Dutsin-Ma, inda mai noman rani ke ban-ruwa da injin da aka ƙera a ƙasar Sin. Injin nan a cikin kwantena ya shigo, kuma kowace rana da ya yi yana jira a tashar jiragen ruwa, manomin ne zai biya kuɗinta.

Idan za a iya tunawa, a shekarar 2017 tashar Lome ta ƙasar Togo ta zarce ta Legas wajen yawan kwantenonin da suka bi ta cikinta, alhali jama'ar Togo duka ba su kai na Jihar Kano ba. Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Dalili na farko shi ne zurfi. Sabon sashen kwantena da aka buɗe a Lome a 2014 ya haura mita 16, Apapa kuwa ba ta kai mita 14 ba, don haka manyan jirage ba sa iya shiga da cikakken lodi. Na biyu, kamfanin MSC na da hannun jari a wannan sashe ta hanyar reshensa, wato ya mai da Lome zangonsa: babban jirgi ya sauke kaya, ƙanana su rarraba zuwa maƙwabta, har da Nijeriya. Na uku shi ne lokaci. A shekarun da tireloli ke kwana da kwanaki a kan hanyar Apapa, jirgi ma makonni yake yi a teku kafin ya samu wurin tsayawa. Kamfanin jirgi ba ya kishin ƙasa, lissafi kawai ya sani.

Akwai kuma siyasa. Shekaru da dama Kwatano ce ƙofar Nijar, kuma ta Maraɗi da Jibiya kaya masu yawa ke kwararowa kasuwannin Katsina. Rufe iyakokin Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya girgiza wannan hanya. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da rufe gadar Gaya, sai kayan Nijar suka koma Lome, suna ratsa Burkina Faso duk da nisa da hatsarin hanyar.

Nijeriya ta mayar da martani da tashar Lekki, mai zurfin mita 16.5, wadda aka buɗe a 2023 kuma kamfanin CMA CGM na Faransa ke da hannu wajen gudanar da ita. To amma zurfi kaɗai ba ya riƙe jirgi. Abin da ke riƙe shi shi ne kayan da ke bayan tashar, wato mu nan Arewa da Nijar. Kwantenar da ta hauro da kaya ta koma wayam, asara ce da ake ɗora wa mai saye.

A nan ne tashar tsandauri ta Funtuwa, da aka ƙaddamar a 2024, da layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, da aka aza harsashinsa a 2021, ke da muhimmanci. Gini ba shi ne tasha ba. Sai ran da kamfanonin jirage suka yarda su rubuta Funtuwa a takardar kaya a matsayin masauki na ƙarshe, jami'an Kwastam suka duba kaya sau ɗaya a can, sannan riɗi da waken suya na manomanmu suka cika kwantenar da za ta koma.

Saboda haka ya kamata wakilanmu a Majalisar Tarayya da Gwamnatin Jihar Katsina su tsaya kan waɗannan abubuwa uku. In ba haka ba, za mu ci gaba da biyan kuɗin jinkirin da aka yi a Legas, a kasuwar Dutsin-Ma. Allah Ya sa a gyara.