AWO DA AMANA: ABIN DA ƊAN HATSI ZAI KOYA DAGA JAPAN

  

Kakar bara na haɗa riɗi buhu 40 daga ƙauyukan gefenmu na kai Dawanau. Mai saye ya ɗebi kaɗan a tafin hannu, ya hura, sai ga yashi kwance a ƙasa. Ya ce mini, "Alhaji, wannan kaya jirgin ruwa zai shiga, kuma wanda zai karɓa can ba ya sayen ƙasa." Ya karya farashi, na dawo gida da asara. Ni ban zuba yashi ba, amma da aka ce in nuna buhun wane ƙauye ne, sai na rasa, don duk na gauraya su. Daga nan na shiga tambayar su wane ne waɗannan masu saye da ba a yi musu algus. Ashe cikin manyansu akwai mutanen Japan, waɗanda kusan duk riɗin da suke ci daga waje suke sayo shi, har da namu na Nijeriya.

To, jama'a, wannan ƙasa tsibirai ce, galibinta duwatsu da daji, ba ta da man fetur na kirki, abincin da take nomawa kuma bai kai kashi 40 cikin 100 na bukatarta ba. A 1945 an ci ta da yaƙi, Amurka ta jefa bam a Hiroshima da Nagasaki, birane suka zama toka. Amma kafin 1968 ta ƙare ta wuce Jamus ta Yamma a ƙarfin arziki, ta daɗe tana bin bayan Amurka, sai a 2010 ƙasar Sin ta sha gabanta. Mu ma shaida ne, don Honda da Yamaha da Suzuki da Toyota su ne suka daɗe suna kai mu kasuwa ranar Lahadi. Su ne kuma suka turo shirin Sasakawa, wanda ya shigo Nijeriya a 1992 yana koya wa manoma shuka a layi da sa taki bisa ƙa'ida.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ashe tushen kasuwancinsu irin namu ne, wato hatsi. A da, da shinkafa ake auna arzikin hakimansu. A birnin Osaka akwai kasuwar shinkafa mai suna Dojima, wadda hukuma ta amince da ita a 1730. Mai sito yakan ba da takarda cewa akwai shinkafa kaza a ajiye, sai takardar ta riƙa yawo daga hannu zuwa hannu kamar kuɗi, ba tare da an ɗaga buhu ba. Ku duba fa, takarda ba ta da wata daraja sai in an tabbata awo ɗaya ne, kuma kayan da aka rubuta suna nan. Yau a kasuwarmu wa zai sayi gero bisa takardar ɗan'uwansa bai kwance bakin buhu ba?

Akwai kuma fatakensu na yankin Omi, masu yawo da kaya a kafaɗa kamar 'yan kolinmu. Ƙa'idarsu ita ce ciniki ya amfani mutum uku: mai sayarwa, mai saye, da jama'ar gari. Ɗaya daga cikinsu, Chubei Itoh, ya fara tallan yadi a 1858, kuma daga wannan talla aka sami kamfanin Itochu da na Marubeni, waɗanda har yanzu suna cikin manyan dillalan duniya.

Sai batun masana'anta. An kafa Toyota a 1937, wani ma'aikacinsu Taiichi Ohno kuma ya tsara aikin bisa abu biyu. Na farko, kowane akwatin kaya yana tafe da ɗan kati mai faɗin mene ne, nawa ne, daga ina, zuwa ina. Na biyu, ko ƙaramin lebura ya ga aibi yana da ikon jan igiya a tsaya a gyara tun a wurin, ba a bari aibin ya wuce gaba. Suna da kalma, kaizen, wato gyara kaɗan-kaɗan kullum, kowa da nasa.

Wani zai ce, Alhaji, ina ruwan mai tiya da mai ƙera mota? Ruwansa babba ne. Tun 2006 Japan ta tsananta doka kan ragowar maganin ƙwari a abincin da ake shigar mata. A 2015 kuma Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda irin maganin nan da muke kira fiya-fiya, wanda wasu suke zubawa a sito. Mutum ɗaya ya zuba, gari duka ya ɗauki laifi. Iyayenmu sun ga yadda dalar gyaɗa ta Kano ta baje bayan farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975. Wancan daga Allah ne. In kasuwar riɗi ta kuɓuce saboda yashi da guba, wannan da hannunmu muka yi.

Ban ce mu kwashi komai nasu ba. Tsarinsu na ƙin tara kaya, a kawo abu daidai lokacin da ake bukatarsa, bai dace da ƙasar da damina ɗaya take ciyar da wata goma sha biyu ba. Mu rumbu shi ne rufin asirinmu. Su kansu da ambaliyar teku ta 2011 ta katse hanyoyi, masana'antu sun tsaya cik, kuma a 2025 sai da gwamnatinsu ta buɗe rumbunanta don tsadar shinkafa. Haka cinikin Dojima ya kai ga sayar da abin da babu shi a hannu, alhali mu abin da malamanmu suka karantar a Risala shi ne salam, wato a biya kuɗi yanzu, da siffa sananniya da awo sananne da ajali sananne. Sun kuma taɓa haukacewa da sayen filaye da hannun jari bisa bashi, abin ya fashe a 1990, farashin hannun jarinsu bai koma matsayin 1989 ba sai 2024. Mai cin bashi ya sari hatsi don jiran tsada ya yi tunani a nan.

Shawarata uku ce. Ɗaya, Sarkin Kasuwa da shugabannin 'yan hatsi su fitar da tiya guda mai hatimi, a daina saye da babba a sayar da wadda aka bubbuge gindinta. Biyu, kowane buhun riɗi ko wake a ɗinke masa 'yar takarda, ko da ajami ne, mai sunan ƙauye da na wanda ya auna, da ko an sa magani. Wake kuwa a zuba shi a buhun nan mai ninki uku da ke kashe ƙwari ba tare da guba ba. Uku, yaron da ke ɗinkin buhu in ya ga tsakuwa ya faɗa, a sa masa albarka maimakon tsawa, dillali kuma kada la'ada ta rufe masa baki.

Ya 'yan'uwa, duk wanda ya yi allo ya wuce ta Suratul Muɗaffifina tun yana ƙarami, ya san narkon da aka yi wa masu tauye mudu. Abin kunya ne a ce mutanen da ba su karanta ta ba sun fi mu kiyaye awo. Ni dai bana duk buhun da ya fita daga sitona da takardarsa zai fita, in Allah ya so. Wanda ya ga kuskure a maganata ya aiko da gyara a fito na gaba.

Allah ya ba mu ciniki na halal, ya sa albarka a kakarmu. Wassalamu alaikum.

Daga wani ɗan hatsi, Ɗambatta.