Sankarar bayan hanci: sabon magani na da amfani, amma saurin zuwa gidan likita ya fi

Akwai wata sankara da ke tsira a saman maƙogwaro, can bayan hanci, inda ido ba ya kaiwa. A shekara ta 2020 an ƙiyasta ta kama mutum wajen 133.000 a duniya, ta kashe wajen 80.000. Ta fi yawa a kudancin ƙasar Sin, musamman yankin Kanton da Honkon, sa'an nan ƙasashen kudu maso gabashin Asiya. A nahiyarmu kuma an fi saninta a Aljeriya da Tunisiya da Maroko.

Masana sun daɗe suna bin sawun wanga ciwo. A 1964, a birnin Landan, Epstein da Achong da Barr sun gano wata ƙwayar cuta cikin ƙarin da likita Burkitt ya aiko musu daga Yuganda. Daga baya anka tarar wagga ƙwaya tana zaune cikin ƙarin mafi yawan masu sankarar bayan hanci. Kada hankalin kowa ya tashi: fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutanen duniya na ɗauke da ita, kuma kaɗan ƙwarai ne ke kamuwa da sankara. Sai wasu abubuwa sun taru a kanta, kamar gado, da shan taba, da cin kifin gishiri irin na Kanton tun ƙuruciya.

Maganin asali shi ne gasa ƙarin da hasken na'ura, in ya yi nisa a haɗa da magungunan da ke kashe ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa. Waɗannan magunguna ba su rarrabe mai lafiya da maras lafiya, shi ya sa gashi ke zubewa, baki ya yi miki. Don haka masana sunka shiga neman wurin da za a harbi sankara ita kaɗai.

Sun samu wurare da dama. Na farko wani furotin ne a bayan ƙwayar sankara, wanda ke karɓar umarnin girma. Maganin cetuximab na toshe shi, kuma Amurka ta yarda da shi a 2006 don wasu sankarorin kai da wuya. Na biyu ya fi muhimmanci ga wanga ciwo. A 1992 Tasuku Honjo na ƙasar Japan ya gano furotin da ake kira PD-1, wanda yake kamar linzami ne a bakin sojojin jiki. Sankara ta iya jan wanga linzami, sojojin su tsaya suna kallonta. Maganin toripalimab, wanda anka haɗa a ƙasar Sin, yana cire linzamin. An gwada shi ga mutum 289 da ciwonsu ya dawo ko ya bazu. Waɗanda anka ƙara musu shi bisa tsohon magani sun yi wajen wata 21 ciwon bai ci gaba ba, sauran kuwa wata 8. Amurka ta yarda da shi a 2023.

Wannan ci gaba ne na gaskiya, ba mai musu. Amma mu duba da kyau: wata 21 jinkiri ne, ba warkewa ba. Maganin kuma na da tsada, ana ba da shi ta jijiya kowane mako uku, kuma sojojin da anka sake na iya juyowa kan hanji ko huhu ko hanta, sai da likita kusa. Manomin da ke tafiyar yini kafin ya kai asibiti bai samu mafita a nan ba tukuna.

A ganina, darasi mafi girma ya fito ne daga Honkon. A 2017 masana can sun ba da sakamakon awon jinin maza 20.174 da ba su jin ciwon komai, inda sunka nemi ɓurɓushin ƙwayar cutar. An samu 34 da sankara, kuma kashi 71 cikin 100 nasu ciwon bai yi nisa ba, alhali a da wajen kashi 20 kaɗai ake tararwa da wuri. Wanda anka tarar da wuri, hasken na'ura kaɗai kan warkar da shi. Ilimin da ya haifi magani mai tsada, shi ne ya haifi awon da ke sa ba a bukatarsa.

Mu a nan, tun 2021 akwai na'urar gasa sankara a cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai. Amma na'ura ba ta zuwa ƙauye neman maras lafiya. Alamomin ciwon sanannu ne: kumburi a wuya wanda ba ya zafi, kunne guda da ya toshe ko yake ƙara, hanci guda a toshe, majina da jini, ciwon kai da ya ƙi ƙarewa. Babban mutum da ya yi makonni da ɗaya daga cikinsu, kada ya tsaya ga tsaga ko shafe-shafe. Ya je gidan likita, ma'aikacin lafiya kuma ya tura shi gaba wurin likitan hanci da kunne ba tare da jinkiri ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu nemi a sauƙaƙa kuɗin sababbin magunguna, amma kafin su iso, mu kai marasa lafiyarmu da wuri. Allah shi ba mu lafiya da zama lafiya, amin.