Waiwaye: Malfa, Inuwar Gawo da Fatar Yaro

A Sabon Maci, kan hanyar Maraɗi zuwa Dakoro, watan Afrilu ba ya wasa da kowa. Kafin hantsi ya dubi ludayi yashi ya fara gasa tafin ƙafa, da azahar kuwa zafi kan haura maki 40. Hausawa da Fulani da Buzayen wannan yanki ba jiya suka fara zama da wannan rana ba. Tsofaffinmu suna da nasu tsarin na kare yara tun ba a ji labarin man shafawa na kwalba ba.

Jariri ba ya leƙa waje sai an yi arba'in. Uwa in za ta kai fura gona ko za ta rijiya da goyo, sai ta yafa zane na biyu ta lulluɓe kan yaron. In ta manta, uwar miji tana nan bakin ɗaki: "Ke ƴar nan, haka za ki fita da shi kai a waje? Rana ta take, rufe masa maɗiga." Yaron da ya isa kiwo a saƙa masa malfar kaba mai faɗin baki, wadda inuwarta ke sauka kan kunne da ƙeya har kafaɗa. Rana na yin tsaka, kowa ya nemi gindin itace.

Itacen kuwa yawanci gawo ne, mai baƙon hali: da damina ya zubar da ganye ya bar wa gero haske, da rani ya yi kore shar, daidai lokacin da ake neman inuwa ruwa a jallo. Farin 1973 da na 1984 da yawan sassabe suka bar gonaki da dama ƙwal. A 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara lallashin manoman Maraɗi su riƙa barin tohon kututture ya girma. Yau ana ƙiyasta itatuwan da suka dawo a kudancin Nijar da kusan miliyan 200. Masu lissafi suna auna ribar da damin hatsi da itacen girki. Ni da za a tambaye ni, sai in ce a sa har da jariran da ake shimfiɗewa ƙarƙashinsu iyaye na noma.

Inuwa ta dawo, malfa ce ba ta dawo ba. Yaran yanzu sun ce ta ƙauyawa ce, sun koma hular hana-sallah, wadda ke barin kunne da wuya a fili. Gwanjo ya kawo singileti da guntun wando. Sai ka ga ɗan shekara uku da tsakar rana, kafaɗu na sheƙi, karan hanci na saɓa.

A kan yaro fari ko wankan tarwaɗa abin ya fi fitowa. Bazara ɗaya ta isa ta rine shi, fuska da hannuwa su yi duhu, inda riga ta rufe ya zauna yadda yake. Nan uwa ke cewa, "Yaron nan ya yi baƙi." Abin da ya faru shi ne, cikin hasken rana akwai wani kaso da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UV. In ya taɓa fata ya yi mata lahani, sai ta ƙara fitar da sinadarin melanin don kare kanta. Duhun nan shaida ce cewa rana ta riga ta yi aikinta. Baƙar fata ta fi jure wa hasken, gaskiya ne, amma ido da ƙishirwa ba su san launi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin da wasu iyaye ke nema. Maimakon a nema wa yaro inuwa, sai a nemo man bilicin "don a dawo masa da haskensa". Irin waɗannan mayuka da yawa suna ɗauke da haidirokwinon, ko sitiroyid mai sa fata ta yi sirara, wasu har da makuri mai lahanta ƙoda. Suna rage melanin ɗin da ke tsare yaron, a kuma sake tura shi cikin ranar. Kodebuwa ta haramta su a 2015. Hukumar NAFDAC ta Najeriya ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Abin da ke kasuwar Kano kuwa ba ya daɗewa bai iso Maraɗi ba.

Shawarar likitoci ba ta yi nisa da ta kakanni ba. Jaririn da bai kai wata shida ba a nisanta shi da rana gaba ɗaya, a bar shi kan nono. Wanda ya fi haka a sa masa riga mai dogon hannu da hula mai faɗi, a rage masa yawo daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, a ba shi ruwa akai-akai. Mai hali ya sayi man kariya mai lambar SPF 30 ko sama, a sake shafawa duk bayan awa biyu. Man kaɗe na gyara fatar da ta bushe, amma kada a dogara da shi wajen tare rana.

Akwai yaran da wannan magana ta zame musu ta rai da mutuwa: zabiya. Fatarsu ba ta da melanin ɗin da za ta yi duhu da shi, ƙonewa kawai take, ta yi tabo, tabon ya zama gyambon da ba ya warkewa, wani ya rikiɗe ya koma kansar fata tun mutum na da ƙuruciya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware musu ranar 13 ga Yuni, aka fara raya ta a 2015. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya man kariya daga rana cikin jerin muhimman magunguna. Saura mu gan shi a likitar ƙauye, kusa da maganin zazzaɓin cizon sauro, a kuɗin da manomin Sabon Maci zai iya biya.