Kafin a sayar da fili saboda dashen ƙoda

Jama'a, kusan kowane wata sai takardar neman taimako ta zagayo mu a WhatsApp: wane ƙodarsa ta daina aiki, ana neman miliyan kaza domin dashe. Mu nan Zawaciki da yawanmu a kamfanonin Sharada, Challawa da Bompai muke neman abinci, albashi ba ya kai ƙarshen wata, amma haka ake cirewa a ba da. Allah Ya saka wa kowa. Abin da ke damuna, da wuya ka ga takardar da ta rarrabe kuɗin nan: nawa ne na gwaji, nawa ne na tiyata, nawa ne na magani.

Kuma gwajin shi ne matakin farko. Bayan an duba rukunin jini, ana yin wani gwaji da likitoci ke kira HLA. Wasu alamomi ne a jikin ƙwayoyin halittar ɗan Adam, da su garkuwar jiki ke rarrabe nata da baƙo. Rabi ake gada daga uwa, rabi daga uba. Saboda haka in ku shaƙiƙai ne, uwa ɗaya uba ɗaya, damar ku dace gaba ɗaya ɗaya ce cikin huɗu. Tsakanin mahaifi da ɗansa rabi ne. Ɗan uba kuwa, galibi iyakarsa rabi, ko ma babu. A gidajenmu masu mata biyu ko uku, wannan lissafi ne da ya kamata a sani kafin a kwashi mutum goma a kai gwaji. Akwai kuma gwaji na biyu, inda ake haɗa jinin mara lafiya da ƙwayoyin mai bayarwa a ga ko jiki zai yaƙe su. Ƙoda tana iya zama ko dacewar ba ta cika ba, da taimakon magungunan da ake sha har tsawon rayuwa. Dashen ɓargo na masu sikila shi ya fi buƙatar dacewa sosai.

To ina batun kuɗi? A Amurka kowane gwaji yana da lambarsa a wani kundi mai suna CPT, na ƙungiyar likitocin ƙasar. Lambobi daga 81370 zuwa 81383 duk na gwajin HLA ne, an bambanta na sama-sama da mai zurfi. Da lambar asibiti ke cajin inshora, da ita mara lafiya ke gane abin da aka yi masa. Ba cewa nake tsarinsu yana da sauƙi ba, tsada gare shi. Amma abin da aka ba shi suna da lamba ana iya tambayar farashinsa, a kwatanta da na wani wuri.

Ƙwararru muna da su. Tun 2002 aka fara dashen ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana cinikin sassan jiki, dokar NHIA ta 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya. A jiha ga hukumar KSCHMA. Roƙona gare su shi ne su ba gwajin HLA lamba da farashi a rubuce, inda lebura zai iya gani, su faɗi nawa inshora za ta ɗauka. Ƙungiyoyin ƙwadago na kamfanoninmu ma su sa wannan a cikin abin da suke tattaunawa da masu kamfani.

Mu kuma, in jarrabawar ta zo gidanmu, Allah Ya kiyaye, mu nemi likita ya rubuta sunan kowane gwaji da kuɗinsa, a fara da shaƙiƙai, a karɓi rasit. Kada dillali ya ce kawo dunƙule shi zai ji da komai. Kada a sayar da fili alhali ba a san ko akwai wanda ya dace ba.

Wanda ya taɓa bin wannan hanya, don Allah ya faɗa mana yadda ta kasance, wani zai amfana. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.