Abdullahi Adamu: Manomi a Majalisa, Manoma a Bakin Ƙofa

Duk lokacin da kakar zaɓe ta ƙarato a ƙasar nan, akwai wani ƙorafi da nake yawan ji daga bakin ’yan’uwana ’yan boko, cewa wai abin da ya hana noma ci gaba a Nijeriya shi ne lauyoyi da ’yan kwangila da tsofaffin sojoji sun cika majalisa, babu manomin da zai tashi ya faɗi abin da ke ci wa mutanen karkara tuwo a ƙwarya. Na daɗe ina gyaɗa kai idan an faɗi haka, har sai da na zauna na bi diddigin rayuwar siyasar Sanata Abdullahi Adamu, wanda aka daɗe ana kira Sarkin Yaƙin Keffi. Domin kuwa in dai manomi ake nema a Majalisar Dattawa, to an taɓa samu, kuma ya yi shekara 11 a ciki.

Ga wanda bai san shi sosai ba, an haife shi a Keffi cikin 1946. Ya yi karatun gine-gine a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, daga baya ya koma Jami’ar Jos ya karanta shari’a. Yana cikin majalisar da ta tattauna tsarin mulki a 1977 zuwa 1978, ya yi NPN a tsohuwar Jihar Filato, ya zama ƙaramin ministan ayyuka da gidaje a 1995 zamanin Janar Abacha, sannan ya mulki Jihar Nasarawa daga 1999 zuwa 2007 a ƙarƙashin PDP. A 2011 ya shiga Majalisar Dattawa yana wakiltar Nasarawa ta Yamma, a 2014 ya sauya sheƙa zuwa APC. Ta fuskar noma kuwa, yana da babbar gona da shanun madara a yankin Keffi, ya shugabanci Ƙungiyar Manoma ta Ƙasa, wato AFAN, kujerar da Murtala Nyako ma ya taɓa riƙewa, kuma gidauniyar da ya jagoranta ce ke shirya bikin baje kolin amfanin gona na ƙasa a kan hanyar Abuja zuwa Keffi. Daga 2015 shi ne shugaban kwamitin noma na Majalisar Dattawa, har ya bar majalisar a 2022. Ke nan ba a rasa manomi ba, ba a kuma rasa kujera ba.

A nan ne sana’ata ta nazarin harshe ke sa ni in tsaya a kan kalmar kanta. Bahaushe na kiran mai hekta dubu da tarakta goma manomi, yana kuma kiran mai kadada biyu da fartanya manomi. Idan aka matsa, sai a ƙara sifa, a ce babba da ƙarami, kamar dai bambancin na girma ne kawai, irin na wa da ƙane. Alhali kuwa kakanninmu sun fi mu tantancewa: sun san gandu, sun san gayauna, sun san ɗan ƙwadago, kuma ba su taɓa ɗauka cewa buƙatar mai gandu ita ce buƙatar wanda ke yi masa noma a biya shi da yamma ba. Babban manomi damuwarsa kuɗin ruwan banki, da harajin shigo da injuna, da farashin dala. Ƙarami kuwa damuwarsa ya samu buhun taki kafin shuka ta wuce, ya je gona ya dawo da ransa, kada kuma bashi ya sa ya sayar da hatsinsa da kaka a kan farashin wulaƙanci, ya dawo yana sayensa da tsada a tsakiyar damina. Mun ga Obasanjo da gonarsa ta Ota, mun ga Abdulsalami da Maizube, mun ga Nyako da mangwaronsa. Dukkansu manoma ne, ban musa ba. Amma kalma ɗaya ce ta haɗa su da kawuna na ƙauye, ba aljihu ɗaya ba.

Adalci shi ne a faɗi abin da aka yi. A zamanin da Sanata Adamu ke riƙe da kwamitin noma, majalisa ta zartar da dokoki masu ma’ana, Shugaba Buhari kuma ya sa musu hannu. A 2019 an samu sabuwar dokar hukumar kula da irin shuka, wadda ta tsananta hukunci a kan masu sayar da jabun iri. A shekarar dai aka samu dokar kula da ingancin takin zamani, domin maganin masu cakuɗa taki da yashi su ɗinke buhu. A 2021 aka samu dokar kare haƙƙin masu ƙirƙiro sabon iri, ko da yake ita wannan ta sha suka daga masu fargabar cewa za ta fifita kamfanoni a kan manomin da ya saba ajiye irinsa a rumbu. Duk wanda ya taɓa shuka masarar da ta ƙi tsirowa ya san waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne.

To amma doka a takarda daban, doka a kasuwar ƙauye daban. Da na je gida hutu na tambayi kawuna ko ya san akwai dokar da ta ba shi damar kai ƙarar wanda ya sayar masa da jabun taki, sai ya yi dariya ya ce, “Ɗana, a wane kotu, da wane yare?” Ban sami amsar da zan ba shi ba. Da Turanci aka rubuta dokar, a Abuja aka yi zaman jin ra’ayin jama’a a kanta, malamin gonar da zai kai masa labarinta kuwa an daɗe rabon da a gan shi a garinsu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, idan mai karatu ya lissafa manyan matakan da suka girgiza noma a tsakanin 2015 da 2022, zai tarar kusan babu wanda ya fito daga zauren majalisa. Shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers, wanda Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015, Babban Banki ne ya tsara shi ya kuma raba kuɗin, fiye da naira tiriliyan ɗaya, ba tare da sun bi ta kasafin da majalisa ke tantancewa ba. Shirin takin shugaban ƙasa, wanda ya biyo bayan yarjejeniya da Maroko a ƙarshen 2016 ya kuma tsayar da farashin buhu a kan N5,500, daga fadar shugaban ƙasa ya fito. Rufe iyakokin tudu daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, shi ma umarni ne daga sama. Abin da ke hannun majalisa kai-tsaye shi ne kasafin kuɗi da bin sawun yadda aka kashe shi, kuma a nan ne aka fi jin shiru. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka yi alkawari a Maputo cikin 2003, suka jaddada a Malabo cikin 2014, cewa za su ware wa noma kashi 10 cikin 100 na kasafinsu. A duk tsawon waɗancan shekaru kason noma a kasafin tarayya bai ko kusanci rabin wannan ba. Aka tara dalar shinkafa a Abuja cikin Janairu 2022 aka ɗauki hotuna, a shekarar kuma buhun taki ya haura N20,000.

Sai batun ƙasa, wanda shi ne uwa uba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamna, gwamnatin soja ta Obasanjo kuma ta cusa ta cikin tsarin mulkin 1979 bayan majalisar da Adamu ke ciki ta kammala aikinta, ta yadda ba a iya taɓa ta sai an bi hanyar gyaran tsarin mulki. Sakamakon haka, mai hanya a gidan gwamnati ya sami takardar mallaka ya kai banki jingina, wanda ya gaji gonar kakansa kuwa ba shi da shaida sai bakin dagaci. Mutumin da ya riƙe wannan amana shekara takwas yana gwamna ya fi kowa sanin inda gizo ke saƙar, amma dokar na nan yadda take har ya bar majalisa. A 2016 ma aka janye ƙudurorin burtali da wuraren kiwo daga zauren Majalisar Dattawa, aka ce magana ce ta jihohi. Shekara guda bayan haka Jihar Binuwai ta fara aiki da dokar hana kiwon sake, makiyaya suka kwararo kudancin Nasarawa, aka yi asarar rayuka ta kowane ɓangare. Shirin Ruga da aka ɓullo da shi a 2019 kuwa, ba a kai ko’ina ba aka dakatar da shi.

Ba na cewa laifin duk wannan na mutum ɗaya ne. Sanata ɗaya ne cikin 109, kuma tsarin namu ya tattara ƙarfi a hannun ɓangaren zartarwa. Abin da nake dubawa shi ne inda ya zuba jarin siyasarsa, domin yana da shi da yawa. A 2018, lokacin da majalisar Bukola Saraki ta nemi sauya jerin ranakun zaɓe, shi ne ya tsaya tsayin daka a bayan Buhari, har ta kai ga an tuɓe shi daga shugabancin ƙungiyar sanatocin Arewa. Wannan jarumtaka ce ta siyasa, kuma ta biya shi: a Maris 2022 aka naɗa shi shugaban APC na ƙasa ta hanyar maslaha, ya ajiye kujerar sanata da ta kwamitin noma a watan da ya biyo baya. A Yuni ya sanar da Ahmad Lawan a matsayin ɗan takarar maslaha, gwamnonin Arewa na jam’iyyar suka ce ba su san zancen ba, Bola Tinubu ya lashe zaɓen fid da gwani. A iya bibiyar da na yi, ban ga ranar da aka yi irin wannan fito-na-fito a kan kason noma ko a kan malaman gona ba.

Cikin Yuli 2023 ya sauka daga shugabancin jam’iyyar, kuma a cikin watan ne Shugaba Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ƙarancin abinci. Kafin tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. A Yulin wannan shekarar aka sanar da kafa ma’aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya, abin da masu shanu irin Sarkin Yaƙi suka daɗe suna fata, ita ma kuma daga fadar shugaban ƙasa sanarwar ta fito.